Yadda Ake Gane Ko Abin Wasan Yaro Yana Sauraren Gidanku, da Abin da Za Ku Yi

Saƙon yakan shigo da dare, a zauren WhatsApp na dangi ko na iyayen yara. Hoton wata 'yar tsana ce an farke mata baya, wayoyi sun leƙo, ga murya a ƙasa tana gargaɗin cewa duk mai irinta a gida ya ƙona ta, domin akwai kyamara a idonta. Kafin gari ya waye an tura shi zaure goma. Uwa ta lallaɓa ta zare abin daga hannun yaro yana barci, ta jefa a kwandon shara. Wayar da ke kan matashinta kuwa, da talabijin ɗin falo, waɗanda suka fi 'yar tsanar sanin sirrin gidan nesa ba kusa ba, babu wanda ya ko kalle su.

Ba na raina wannan tsoro, domin ruwa ba ya tsami banza. Abin da nake so shi ne mu kai tsoron inda ya dace, kuma labarai biyu za su nuna mana wurin.

A 1998 aka fito da Furby a Amurka, wani ɗan abin wasa mai gashi da manyan idanu. Da farko yana magana da wani yare nasa na ƙirƙira, sannu a hankali sai ya riƙa sako kalmomin Turanci, har mutane suka ɗauka daga bakinsu yake koyo. A farkon 1999 hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta hana shiga da shi ofisoshinta, don gudun kada ya kwashi magana ya maimaita a waje. Kamfanin Tiger Electronics da ya ƙera shi ya fito ya ce abin ba ya naɗar murya ko kaɗan. Kalmomin tun daga masana'anta suke cikinsa, an dai tsara su ne su riƙa fitowa da kaɗan-kaɗan. Hukuma sukutum ta tsorata da abin da bai iya leƙen asiri ba.

Labarin My Friend Cayla daban ne. 'Yar tsana ce ta kamfanin Genesis Toys, tana amsa tambayoyin yaro ta hanyar haɗuwa da waya ta Bluetooth. A ƙarshen 2016 Majalisar Kare Masu Sayayya ta Norway ta gano cewa duk wanda ke kusa, kamar tazarar mita 10, zai iya haɗa wayarsa da ita ba tare da lambar sirri ba, ya ji abin da ake faɗa a ɗakin, har ma ya yi wa yaro magana ta bakinta. Muryar yaron kuma ana aika ta zuwa wani kamfani a Amurka don a mayar da ita rubutu. A watan Fabrairun 2017 hukumar kula da sadarwa ta Jamus ta haramta ta, ta ce na'urar leƙen asiri ce da aka ɓoye cikin abin wasa, ta kuma nemi iyaye su lalata waɗanda suka saya.

Dukansu biyun suna magana, suna kuma amsawa. Bambancinsu guda ne: ɗaya tana da hanyar fitar da abin da ta ji daga gida, ɗayan ba shi da ita. A kan wannan bambanci za mu ɗora dukkan binciken.

Mataki na farko: ku yi wa abin tambayoyi uku

Yana da kunne, wato makirufo? Yana da ido, wato kyamara? Yana da hanyar fita, wato Wi-Fi, ko Bluetooth, ko layin waya? Ta ukun ce uwar tambayoyi. Motar wasa mai waƙa idan an danna ta, wadda ba ta da komai sai batir da lasifika, ba ta da inda za ta kai magana. Ku mayar wa yaro kayansa.

Amsar tana kan kwali da cikin takardar bayani. Idan an ce sai an sauke manhaja kafin ya yi aiki, ko kun ga tambarin Bluetooth ko na Wi-Fi, to yana da hanya. Idan kwalin ya ɓace, ku juya abin ku duba ƙarƙashinsa ko kusa da gidan batir. Na'urori masu aika sigina da aka yi don kasuwar Amurka suna ɗauke da lambar da ake kira FCC ID. Idan kuka sa wannan lamba a intanet, za ta kai ku ga takardun da kamfanin ya miƙa wa hukuma, sau da yawa har da hotunan cikin na'urar, ku ga hanjinta ba tare da kun farke ta ba.

Sai dai kada ku tsaya ga takarda kaɗai. A Fabrairun 2019 aka gano cewa na'urar tsaron gida ta Google mai suna Nest Secure tana da makirufo wanda ba a rubuta cikin bayananta ba. Kamfanin ya ce kuskure ne aka yi rashin ambatarsa. Saboda haka bayan karatu sai dubawa da ido.

Mataki na biyu: ku duba jikinsa

Makirufo yana buƙatar iska ta same shi, don haka yakan zauna bayan wani ɗan rami kamar hujin allura, shi kaɗai a gefe. Ramuka masu yawa a jere na lasifika ne. A 'yar tsana ku duba ƙirji, da wuya, da ƙarƙashin sarƙa ko riga.

Kyamara kuwa ba ta aiki sai da gilashi, gilashin kuma yana mayar da haske. Ku kashe fitilar ɗaki, ku kunna tocilan waya, ku riƙe ta daf da idonku, ku bi jikin abin a hankali. Idon roba yana ƙyalli a faɗaɗe, amma ruwan tabarau na kyamara yakan mayar da ɗan ɗigon haske mai kaifi daga can ciki, wani lokaci da launin shuɗi ko shunayya. Kyamarorin da ke gani cikin duhu suna amfani da wani haske da idon mutum ba ya gani, amma kyamarar gaba ta wayoyi da yawa tana kama shi. Ku fara gwadawa da rimot ɗin talabijin: ku danna maɓalli kuna kallon bakinsa ta kyamarar waya. Idan kun ga ɗan haske yana ƙiftawa, to wayarku za ta iya wannan aiki, sai ku zagaya ɗakin da ita cikin duhu.

Mataki na uku: gwajin baƙuwar waya

Wannan gwaji bai kai minti biyar ba, kuma shi ne zai tona irin matsalar Cayla. Ku kashe Bluetooth a wayar da aka saba haɗa abin wasan da ita. Ku kunna abin wasan. Ku ɗauki wata wayar da ba ta taɓa haɗuwa da shi ba, ku fita bayan ƙofa, ku nemi na'urorin da ke kusa. Idan sunansa ya fito kuka danna ya haɗu nan take, ba a nemi lamba ba, ba a kuma buƙaci ku danna wani maɓalli a jikinsa ba, to abin da kuka yi maƙwabci ma zai iya yi, haka mai wucewa ta bayan taga. Ku kunna wata murya a wayar ku ji ko za ta fito ta bakin abin. Idan yana da makirufo kuma ya faɗi wannan gwaji, ni dai ba zan bar shi a ɗakin yaro ba. In yaron ya shaƙu da shi, a cire batir ɗin ya zama 'yar tsana kamar kowace.

Mataki na huɗu: manhaja da asusu, inda ɓarnar ta fi yawa

Jita-jita ta fi son zancen kyamarar ɓoye, amma yawancin asirin yara da ya tonu, ta hanyar abin da iyaye suka cike da hannunsu ne, kamfani kuma ya kasa tsarewa.

A Nuwamban 2015 aka yi kutse a rumbun bayanan kamfanin VTech na Hong Kong, mai ƙera kwamfutocin wasa na yara. Bayanan yara fiye da miliyan 6 suka fita, da sunaye da ranakun haihuwa, tare da asusun iyaye kusan miliyan 5. A 2018 kamfanin ya amince ya biya tarar dala 650,000 ga hukumar kula da kasuwanci ta Amurka. A 2017 kuma sai ga labarin CloudPets, 'yan dabbobin auduga da iyaye da yara ke aika wa juna saƙon murya ta cikinsu. An bar rumbun da ke ɗauke da asusu sama da 800,000 a buɗe a intanet babu ko kalmar sirri, saƙonnin murya fiye da miliyan 2 suka shiga haɗari. Ku tuna irin abin da uba matafiyi ke faɗa wa 'yarsa kafin ta kwanta, da abin da ita take mayar masa. Irin wannan ne aka bari a fili. Babu ɗan leƙen asirin da ya shirya haka, sakaci ne tsagwaronsa, kuma ga yaron da muryarsa ta fita duk ɗaya ne.

To ga abin yi lokacin buɗe asusu. Kada ku sa cikakken sunan yaro, laƙabi ya isa. Kada ku sa hotonsa, ko sunan makarantarsa, ko adireshin gida. Duk gurbin da ba dole ba ne, ku bar shi fayau. Ku buɗe adireshin imel na daban don irin waɗannan na'urori, wanda ba shi da alaƙa da banki ko wurin aiki.

Sannan ku duba izinin da manhajar ke nema. Abin wasa mai hira yana da hujjar neman makirufo, amma me ya haɗa shi da lambobin da ke wayarku, ko hotunanku, ko saƙonninku? Ku hana. Izinin sanin wurin da kuke yana da ɗan bayani: tsofaffin wayoyin Android kan nemi wannan izini kafin manhaja ta iya laluben na'urar Bluetooth, don haka ganinsa kaɗai ba shaidar mugun nufi ba ce. Ku ba da shi na lokacin amfani kawai.

Takardar manufar sirri doguwa ce, na sani, kuma kusan kowa tsallake ta yake yi. Ba sai kun karanta duka ba. Amsa uku za ku nema: shin ana ajiye muryar yaro, har tsawon wane lokaci, kuma ana ba wasu kamfanoni? Ku nemi maɓallin goge abin da aka naɗa tun ranar farko. Kamfanin da bai tanadi hanyar gogewa ba, kuma ba shi da adireshin da za a tuntuɓe shi, bai cancanci muryar ɗanku ba. Ku leƙa kuma ranar da aka sabunta manhajar a ƙarshe. Idan an shekara biyu ko uku ba a taɓa ta ba, alama ce babu mai gadin ƙofar.

Mataki na biyar: kalmar sirri da rautar gida

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar da ta fi yawa kuwa ita ce kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga masana'anta. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci, wato na'urorin da ke raba Wi-Fi a gida, ta hanyar gwada 'yan kalmomin sirri kusan 60 da aka san masana'antu na sakawa. A watan Oktoba na shekarar aka yi amfani da na'urorin da ta kama wajen durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na sa'o'i. Birtaniya ta kai ga haramta sayar da na'urori masu irin wannan kalmar sirri ta bai-ɗaya daga Afrilun 2024.

Tsaga ta biyu ita ce maimaita kalmar sirri guda a ko'ina. A Disamban 2019, a jihar Mississippi, wani baƙo ya yi kutse ta intanet cikin kyamarar tsaro ta kamfanin Ring da iyaye suka sa a ɗakin 'ya'yansu, ya riƙa yi wa yarinya 'yar shekara 8 magana. Kamfanin ya danganta irin wannan kutse da kalmomin sirri da aka sato daga wasu shafuka, kuma a farkon 2020 ya wajabta tabbatarwa mai mataki biyu. Ku kunna wannan tsari a duk asusun da ke da shi, ta yadda ko an sami kalmar sirrinku sai an nemi lambar da za ta shigo wayarku. Ku sa imel ɗinku a shafin Have I Been Pwned ku ga ko yana cikin bayanan da aka taɓa sacewa. Ra'ayina kuma, kyamara mai hawa intanet ba ta da wuri a ɗakin kwanan yaron da ya wuce jinjiri.

Daga nan ku shiga saitin rauta, adireshin shiga yawanci yana manne a ƙarƙashinta. Ku canza kalmar sirrin mai gudanarwa, wadda daban take da ta Wi-Fi. Ku duba jerin na'urorin da ke haɗe, ku tabbatar kun san kowace. Idan rautar tana da layin baƙi, ku kunna shi ku mayar da kayan wasa da talabijin da kyamarori can, wayoyi da kwamfutocin aiki su zauna a babban layi.

Mataki na shida: manyan masu kunne na falo

Lasifikoki irin su Amazon Echo da Google Nest a kullum kunnensu a buɗe yake suna jiran kalmar da ake tada su da ita, sai sun ji ta suke fara aika magana waje. Matsalar ita ce sukan yi kuskuren ji, su farka ba a kira su ba. A 2019 aka bayyana cewa Amazon da Google da Apple duk suna da mutanen da ke sauraren wani kaso na muryoyin da aka naɗa don gyara aikin na'urorin, har Apple ya nemi afuwa a watan Agusta. A 2023 Amazon ya amince ya biya dala miliyan 25 kan zargin riƙe muryoyin yara da Alexa, manhajar da ke magana ta cikin Echo, ta naɗa. Ku shiga sashen sirri na manhajar, ku saurari abin da aka ajiye, domin gani ya kori ji. Ku goge, ku saita gogewa ta kai-tsaye, ku kashe zaɓin barin ma'aikata su saurara. A jikin lasifikar akwai maɓallin kashe makirufo, ku saba da danna shi idan za a yi maganar da ta shafi gida.

Talabijin kuwa abin da kuke kallo ya fi damunsa. A 2017 kamfanin Vizio ya biya dala miliyan 2.2 bayan an same shi da tattara bayanan kallo daga talabijin miliyan 11 ba da sanin masu su ba. A LG sunan tsarin Live Plus, a Samsung kuma Viewing Information Services. Ku neme shi a saiti ku kashe.

Agogon hannu na yara mai nuna inda suke, a yi masa tambayoyin nan uku. Jamus ta haramta masu ba da damar saurare daga nesa a Nuwamban 2017, bayan hukumar sadarwarta ta gano wasu iyaye na sauraren malamai a aji da su. Wani lokaci mai leƙen asirin daga cikin gida yake.

Mataki na bakwai: wayar da ke hannunku

Kusan kowa ya taɓa yin hirar wani kaya da baki, an jima ya ga tallarsa. A 2018 masu bincike a Jami'ar Northeastern da ke Boston sun gwada manhajojin Android sama da 17,000, ba su sami wadda ke kunna makirufo a ɓoye tana aika murya ba. Sun dai kama wasu suna ɗaukar hoton fuskar waya suna turawa waje. Masu talla suna da hanyoyin da suka fi saurare sauƙi: sun san inda kuka je, da abin da kuka nema, da wanda kuka zauna kusa da shi a kan Wi-Fi guda, da abin da shi ya nema jiya.

Duk da haka ku riƙa lura da saman fuskar waya. Tun daga iOS 14, iPhone na nuna ɗigo ruwan lemo idan makirufo na aiki, kore idan kyamara ce. Android kuma daga na 12 yana nuna alama kore. Idan ta bayyana ba ku buɗe komai ba, ku ja fuskar ƙasa ku ga wace manhaja ce. Sau ɗaya a wata ku bi jerin manhajojin da ke da izinin makirufo da kyamara da wuri, ku janye daga duk wadda ba ta da dalili.

Idan saƙon ya sake shigowa

Kafin ku tura, ku nemi abu huɗu a cikinsa: sunan abin wasan, sunan kamfanin, wanda ya gano matsalar, da ranar da aka gano. Labarin Cayla yana da duka huɗun. Saƙon da ya ce "masana sun gano" ba suna ba rana, ya kuma rufe da roƙon a yaɗa, ku riƙe shi tukuna. Ku sa hoton a Google Lens, manhajar bincike da hoto, ku ga inda ya fara fitowa, domin sau da yawa tsohon hoto ne aka yi wa sabon labari. Ɗan allon lantarki da wayoyi a cikin abin wasa ba shaidar komai ba ne, duk abin da ke waƙa yana da su. Idan wanda ya turo babba ne a gare ku, ba sai kun ƙaryata shi a bainar zaure ba. Ku bi shi ta gefe ku ce kun duba, ga abin da kuka samu.

Shi ma yaron a yi masa bayani daidai hankalinsa, ba tare da an firgita shi ba. A ce masa wannan abin na'ura ce, abin da aka faɗa mata yana iya zuwa wurin wasu mutane, don haka ba a gaya mata cikakken suna, ko inda gida yake, ko makaranta. Idan ta taɓa faɗin abin da ya ba shi mamaki ko tsoro, ya zo ya faɗa, kuma ba za a yi masa faɗa ba. Idan an gama wasa a kashe ta da maɓalli, ta kwana a falo.

Ranar da za ku rabu da na'urar, ko kyauta za ku bayar ko sayarwa, ku fara goge muryoyi da hotunan da ke cikin manhajar, sannan ku rufe asusun gaba ɗaya, domin cire manhaja daga waya ba ya share abin da ke rumbun kamfani. Ku mayar da na'urar saitin masana'anta, ku zare katin ajiya ko layin waya idan akwai, ku kuma cire sunanta daga jerin rautarku da na Bluetooth ɗin wayarku.